Kunkurun da na gani a Yamai

Kwana uku ke nan da dawowata Tawa, amma duk wanda ya zo yi mini barka da hanya sai ya sha labarin kunkurun nan. Hanya lafiya lau, in ban da wani mai kaki a shingen da ke gaba da Konni, wanda ya jefo mini katina ta taga ko kallona bai yi ba. Na haife shi a shekaru. Na haɗiye.

Gidan Gwaggo na sauka. Tun ban cire takalmi ba aka ajiye mini dambu da zogale, kuma ta rantse ba zan biya kuɗin taksi ba muddin ina gidanta. Washegari na kwashi jikokinta huɗu zuwa gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959. Na so su tsaya a kan icen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada kafin wani direba ya banke shi a 1973, amma ina! Hankalinsu na wajen zaki da dorina.

A wata inuwa muka tarar da wani dattijo tsugune kusa da ƙaton kunkuru, irin na dajinmu mai haƙa rami. Ƙaramin cikin yaran ya ɗaga ƙafa zai hau. Dattijon ya riƙe shi a hankali.

"A'a, ɗana, ba jaki ba ne. Ƙoƙon nan ƙashin bayansa ne, yana jin duk abin da ka yi masa."

Ya jera su, ya ce kowa ya shafa da yatsa biyu, ban da kai, ban da birkicewa. Yarinya ta uku na matsowa kunkurun ya janye wuya, ya yi huci. Nan take dattijon ya ce an gama. Na ce, "Haba Baba, saura biyu fa." Ya ce, "Malam, ya ce ya gaji. In na tilasta shi, me yaran suka koya?" Ya kai su famfo suka wanke hannu, don kunkuru na ɗauke da cutar gudawa ko yana da lafiya.

Maganar ta soke ni. Shekarun da na yi ina koyarwa, sau nawa ɗalibai suka kawo bushiya ko hawainiya aji, na bari tana yawo hannu zuwa hannu har a tashi? Wata bushiyar ma ba ta kwana ba. A wajenmu abin wasa ne, kamar yadda muke taruwa kan gardawa masu kura da takunkumi muna tafi.

Da yamma, kusa da wata kasuwa, sai ga wani saurayi da biri a sarƙa, ƙugunsa duk ya saɓule, dala ashirin a ɗauki hoto. Yaran da kansu suka ƙi. Babbar ta ce, "Kawu, wannan ma ya gaji."

Tsadar Yamai kuwa sai addu'a; kilishin jika guda bai cika tafin hannu ba.

A dawowa, wajen Kure, direba ya rage gudu muka hango raƙuman dawa uku suna cin ganyen ƙaya. A 1996 saura 49 kacal suka rage a Nijar, yanzu sun haura 600. Ba mu sauka ba. Isha ta same mu a Tawa.