An Ce a Mota Nake Kwana a Amurka

Aikin jinya na kwantiragi a Amurka ba ya ba mutum gindin zama, domin yawancin yarjejeniyar ta mako 13 ce, idan ta ƙare kuma sai a nemi wani asibiti, wanda zai iya kasancewa a wata jiha mai nisan tafiyar kwana biyu. Da na gaji da neman ɗakin haya duk bayan wata uku, sai na bi sahun wasu abokan aiki na sayi motar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda suke kira RV, mai gado da murhu da banɗaki a cikinta. Adireshina na takarda yana jihar Dakota ta Kudu, inda wani kamfani ke karɓar wasiƙuna yana turo mini su, ni kuwa ina duk inda aiki ya jefa ni.

Wanda bai taɓa zama cikin irin wannan mota ba zai ɗauka tuƙi ne babban aikinta, alhali ruwa ne. Tankuna uku ne a ƙarƙashinta: na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bahaya. Na farkon yana cin galan 40, wato lita 150 da ɗan ɗoriya, kuma waɗanda suka ƙera shi ba su yi lissafin mutumin da ke riƙe buta yana alwala sau biyar a yini ba. Saboda haka wanka ya koma dabara: a jiƙa jiki, a kashe famfo, a shafa sabulu, sannan a buɗe a ɗauraye da hanzari. Abin da ya faranta mini rai shi ne wani dattijon Bature da muka yi maƙwabtaka a wani sansani a Teksas, wanda ya shafe shekaru a wannan rayuwa, ya ce butar nan tawa ita ce lafiyar tankin bahaya, domin ƙarancin ruwa ne ke sa ƙazanta ta taru ta sandare ta toshe hanya.

Kwashe tankin yana da ƙa'idarsa. Ba a buɗe shi sai ya kai kashi biyu cikin uku, don nauyin ruwan ya tura komai waje. A sa safar hannu, a ɗaura kakkauran tiyo a bakin bututun, a cusa ɗaya ƙarshen cikin ramin da aka tanada, a fara sakin na bahaya, daga baya a saki na wanka ya wanke tiyon. Tiyon ruwan sha kuwa fari ne, ma'ajiyarsa daban, ba ya kusantar wancan ko da wasa. A nan likita da direba da tsohon soja duk layi ɗaya suke bi da safiyar Lahadi, kowa da safarsa, suna hirar yanayi, babu mai kallon wani.

To, ana cikin haka ɗan kawuna da ke karatu a wata jami'a a nan ya kawo mini ziyara. Na karɓe shi hannu bibbiyu, na bar masa gadona na kwana a kan kujera. Da safe ina tsugunne riƙe da tiyon nan, ashe ya ɗaga waya yana ɗauka, ya kuma tura hoton zauren danginmu na WhatsApp, wai shi raha. Kafin in dawo daga aiki labari ya gama gari cewa wane, da duk karatunsa, a mota yake kwana a Amurka, kuma kwasar masai ce sana'arsa. Hajiya, wadda ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta kira ni murya na rawa ta ce, “Kai wannan, ka gaya mini tsakaninka da Allah, korar ka aka yi daga gidan haya?” Na zaga da waya ina nuna mata firij da murhu da shimfiɗa, ta yi ta kallo, daga ƙarshe ta tambaya ko ƙofar tana kulluwa da dare.

Na so a ce waɗanda suka yi ta dariya sun san wahalar da ke cikin riƙe wannan gida. Gida ne da ke shan jijjiga a kan kwalta, kowace tafiya sai wata kusa ta kwance ko wani marfi ya saki. Kafin damina da bayanta nakan hau rufi in duba likin da ke kewaye da tagar sama da na'urar sanyaya ɗaki, domin tsaga ƙarama ta isa ta ruɓar da katakon bango ba a sani ba. Taya ba a duba ta da zanen jikinta kaɗai, akwai lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma rana tana cinye ta ko da motar a tsaye take. Duk inda na sauka sai na daidaita motar da katakai a ƙarƙashin taya, in ba haka ba firij mai aiki da gas ba zai yi sanyi ba, sannan in nemi alƙibla, wadda a wannan nahiya arewa maso gabas take, yau tana wajen sitiyari, gobe tana wajen tagar kicin. Hunturun da na yi a Minesota kuwa, tiyon ruwa sai mai ɗumin lantarki, idan ba haka ba ƙanƙara za ta cika shi kafin asuba.

Akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsakanin kwantiragi da kwantiragi na sauka a hamadar Arizona kusa da Quartzsite, inda dubban masu irin motata ke taruwa a watan Janairu, kuma a yawancin filayen gwamnatin tarayya ana iya zama kwana 14 kyauta. Kuɗin hayar da na daina biya da shi aka sake wa Hajiya rufin ɗaki, da shi ƙanwata ta gama makaranta. Sai dai Juma'a takan zo masallaci mafi kusa yana nisan awa biyu, kuma na yi ƙaramar salla ni kaɗai, na sa babbar riga na zauna a bakin ƙofar mota ina amsa gaisuwa ta waya.

Inda hoton nan ya fi yi mini ɓarna shi ne maganar aurena, wadda ta riga ta yi nisa. Iyayen yarinyar suka aiko wa Kawu tambaya ɗaya: a ina za a yi jere? Gwaggo ta ce ita ba ta ga laifinsu ba, babu uwar da za ta tara gado da kujeru da kwanuka tun ’yarta na ƙarama, a ce mata ɗakin yana da taya. Kawu, wanda ɗansa ne ya haddasa komai, bai ce uffan game da hoton ba har yau, amma ya umarce ni in kama gida ko mai ɗaki ɗaya ne, in turo hotonsa da mabuɗi a hannu kafin babbar salla. Na ce masa, “To, Kawu, in Allah ya yarda.” Kwantiragi na gaba a Montana ne, kuma ban san yadda ake kama gida a garin da mutum zai bari bayan wata uku ba, ƙanwata dai ta ce in ba ta lokaci, za ta je ta ga yarinyar da kanta, don ba a tambayi ra'ayinta ba tukuna.