Laraba, 18 ga Disamba 2024: kasafin baɗi, bashi, da shirin tafiya gida

Agege, Legas.

Yau Shugaba Bola Tinubu ya gabatar wa Majalisar Tarayya kasafin kuɗin 2025, naira tiriliyan 49.7. Bayan sallar isha'i na jera alƙaluman a takarda. Tsaro tiriliyan 4.91, manyan ayyuka irin su hanyoyi 4.06, ilimi 3.52, lafiya 2.48. Duka huɗun in an haɗa, 14.97 ne. Biyan bashi da kuɗin ruwansa shi kaɗai 15.81. Abin da za a miƙa wa masu bin mu ya ɗara abin da aka ware wa soja, asibiti, makaranta da titi gaba ɗaya.

Kuɗin shigar da ake sa rai tiriliyan 36.35 ne, giɓin sama da tiriliyan 13 kuma rance za a sake ci a cike shi. Lissafin ya dogara ne a kan haƙo gangar mai miliyan 2.06 kullum, a sayar da ita dala 75, dala kuma ta tsaya a naira 1,500. A bana ba mu kai wannan adadin gangar ba. In man ya gaza, ba bashi ake fasa biya ba, don ƙasar da ta saɓa alƙawarin biya takan sha wahalar samun rance. Aikin asibiti da na hanya ake jinginewa.

Ofishin kula da bashi, DMO, ya ce a ƙarshen Yunin bana ana bin tarayya da jihohi naira tiriliyan 134.3. A Yunin 2015 kimanin 12 ne. Ba sabon rance ne kawai ya kumbura shi ba. Bashin waje yana kusa da dala biliyan 43. Lokacin da dala take naira 460, bai wuce tiriliyan 20 ba, da aka saki naira a Yunin 2023, daga baya dala ta zarce naira 1,400, sai ya haura 60 ba tare da ko sisi ya shigo ba. Ga kuma tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ja daga Babban Banki. Dokar bankin ta 2007 ta ce kada irin wannan rance ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, a kuma biya cikin shekarar. An take dokar shekara da shekaru, sannan a Mayun 2023 majalisa ta amince a mai da shi bashin shekara 40 da ruwa kashi 9.

Wannan ne ke hana ni sukuni. Yaron da ke firamare yau zai yi zaɓe, ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa, ana nan ana biyan kuɗin da ba a nemi yardar kowa ba kafin a kashe. Kamar magidancin da ya cinye hatsin baɗi tun bana ne, ya bar wa iyali rumbu wayam. Ko wa aka zaɓa a 2027, zai tarar an riga an yi masa rabon kuɗi, har da takardun lamuni na dala biliyan 2.2 da aka sayar a farkon watan nan, wasu a ruwa kashi 10.375. Mai ƙuri'a kuwa in ya ga ƙuri'arsa ba ta sauya komai a tukunyarsa, zama yake yi a gida. A 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, kimanin miliyan 25 suka fita. A Agustan bana mun ga matasa a Kano ɗauke da tutar Rasha, wasu na kiran soja. Ghana ta dakatar da biyan bashin waje a Disambar 2022, amma a farkon watan nan da ƙuri'a suka sauke jam'iyya mai mulki, ba da bindiga ba. Haka nake yi mana fata. Ya kamata majalisa ta buɗe sharuɗɗan kowane rance a bainar jama'a kafin ta sa hannu, yadda dokar kashe kuɗi ta 2007 ta ce a ci bashi don manyan ayyuka da gina ɗan'adam kawai.

A gida, yara sun sami hutu, sakamako ya yi kyau, alhamdu lillahi. Bikin ɗiyar Yaya Babba a Funtuwa ya kama ƙarshen wata. Da mai ya haura naira dubu a lita, kuɗin mota ya sa an rage 'yan tafiya: Inna, matar Yaya da yara biyu. Inna ta tambaya ko jirgin ƙasa zai kai su. Na ce, "Inna, daga tashar Agege zai kai ku Moniya a Ibadan, nan layin ya tsaya, sai ku nemi mota." Da rancen Sin aka gina shi, aka buɗe a 2021, kuma shi kam bashi ne da ido ke gani. Sun zaɓi doguwar mota kai tsaye saboda kaya. An sayi tikitin Asabar, an ɗaure atamfofi da kwanukan gara, an tanadi rigunan sanyi don hunturun Arewa. Maganin hawan jinin Inna na wata guda ya rage a saya gobe.