TARIHIN RAYUWATA KASHI NA 7: SABULUN DA YA CI FUSKAR AUTA

Assalamu alaikum 'yan uwa, sannunku da haƙuri. Wancan satin mun tsaya ne a inda na gama koyon haɗa sabulu na kwana uku a wajen Anti, na dawo gida da littafina cike da rubutu ina ji kamar na gama sanin duniya. To yau zan ba ku labarin abin da har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi.

Haɗin farko da na yi ni kaɗai ya yi kyau fa, shi ne ma ya ruɗe ni. Abin da Anti ta rubuta mana shi ne man kwakwa kilo 1, kostik soda giram 174, sai ruwa wajen giram 350. Na sa safar hannu, na ɗaure hanci, na zuba kostik ɗin a cikin ruwa kaɗan-kaɗan yadda ta ja mana kunne, dan ta maimaita ya fi sau goma cewa kostik ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan kostik, in ba haka ba zai iya tafasa ya fantsamo miki a fuska. Ruwan sanyi ne fa, amma kafin minti biyu jikin robar ya yi zafin da ba ya taɓuwa, wani tururi mai shaƙe maƙoshi yana tashi. Na bari ya huce, na juye a cikin man, na yi ta juyawa da muciya har hannuna ya sage, sai ga shi ya fara kauri, in na ɗaga muciyar na ɗiga sai layin ya tsaya a sama na ɗan lokaci kafin ya nutse. Na juye a mazubi na rufe da tsohon bargo. Washegari na yanka, fari tas, ga kumfa kamar me. Abban su ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa yace lallai maman yara an zama injiniya. Wlh ranar ko abinci ban iya ci sosai ba dan murna.

Matsalar kawai sabulun kwakwa zalla yana busar da fata, na wanki ne ya fi dacewa da shi. Ni kuma burina na wanka nake so, irin mai laushin nan da mata za su riƙa nema. Na ji ana ta cewa man zaitun ya fi kowane mai taushi a jiki, sai kawai na yanke wa kaina hukunci, ban kira Anti ba ban tambayi kowa ba, nace ai mai mai ne, cire wannan zan yi in sa wancan. Na auna man zaitun kilo 1, na auna kostik giram 174 ɗin nan dai na littafi, na haɗa.

Kuma fa sabulun ya yi min magana, ni ce ban ji ba. Da na zo yankawa sai ya riƙa farfashewa yana marmashewa kamar alli, wani wajen kuma akwai 'yan ramuka da ruwa-ruwa a ciki, da ya taɓa min gefen yatsa inda safar ta yage naji wani santsi sannan ɗan raɗaɗi. Nace ƙila dan bai bushe ba ne. Anti tace a bar sabulu sati 4 zuwa 6 a inuwa inda iska ke shiga kafin a yi amfani da shi, ni ko kwana biyar na yi naga kamar shekara.

Ranar ta biyar ɗin Autarmu ta zo, lokacin tana ajin ƙarshe a sakandare, ƙuraje sun dame ta a goshi da kumatu, kullum tana gaban madubi. Ta ga sabulun a jere a kan kwali tace "Yaya wannan na meye?" Nace na zaitun ne, na gyaran fata, babu irinsa. Tace dan Allah Yaya ki ba ni ɗaya in gwada. Na zaɓo wanda ya fi kyan gani na naɗe mata a takarda har da cewa ki bar kumfar ta ɗan jima a fuskar kafin ki wanke. Wannan kalmar ita ce ta fi ci min rai har yau, ni da bakina nace ta bar shi ya jima.

Da daddare wayata ta yi ƙara, Umma ce, ko sallama ba ta yi ba. "Me kika ba yarinyar nan?" Ina jiyo kukan Auta a bayanta tana cewa fuskata wuta fuskata wuta. Jikina ya ɗau rawa, abin da kawai na tuna shi ne maganar Anti cewa in kostik ya taɓa fata a sakar masa ruwa mai yawa, nace Umma dan Allah ki kai ta bakin famfo ta yi ta zuba ruwa kar ta tsaya, minti 20 ko fi, kar a shafa komai. Ashe har wata maƙwabciya ta kawo shawarar a shafa ruwan tsami wai zai kashe kaifin, Allah ya taimaka Yayanmu yana gida ya hana. Daga baya likita ma yace gara da ba a sa ba, fatar da ta riga ta ƙone ba a ƙara mata wani abu mai yaji, ruwa dai shi ne.

Kafin mu isa ni da Abban su sun wuce asibiti. Na same ta a zaune a benci, kumatunta biyu da goshi sun yi jawur sun kumbura suna sheƙi, gefen hancinta har ya ɗan saɓule. Likitan ya tambaya ko ya shiga ido, aka ce a'a, yace to ku gode wa Allah dan kostik a ido yana iya makantarwa. Umma ba ta yi min faɗa a wajen ba, kallona kawai ta yi tace "Ke da hannunki." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na durƙusa nace Umma ki yi haƙuri, ta kau da kai.

Washegari da safe na kira Anti ina kuka, na gaishe ta na faɗa mata komai. Ta yi shiru sannan tace "Ƙanwata wa ya ce miki mai mai ne?" Nan ta zauna ta yi min bayanin da inaga da ta yi mana shi a aji da ban shiga wannan ba, ko kuma ta yi ni ce hankalina yana kan turare da kala, Allah masani. Tace sabulu ba gauraye ba ne irin na a zuba wannan a zuba wancan, kostik ɗin cin man yake yi, su biyun su rikiɗe su zama wani abu daban, wato sabulu da gilisarin, kuma kowane mai akwai iya kostik ɗin da yake iya cinyewa. Kilo 1 na man kwakwa yana ɗaukar kusan giram 183, man ja kusan 142, man zaitun kusan 135 kacal, man kaɗanya ma bai kai haka ba, wajen 128. Sannan ana rage kamar kashi 5 cikin 100 da gangan dan a bar ɗan mai a sabulun ya yi laushi, shi ya sa ta rubuta mana 174 a maimakon 183. Tace yi lissafi da kanki. Na cire 135 daga 174, saura 39. Wato kusan giram 40 na kostik tsagwaronsa yana zaune a cikin sabuluna bai samu man da zai ci ba, sai ya ci fuskar ƙanwata. Kuma ko shekara na ajiye shi ba zai gyaru ba, ajiyar sati shida ruwa take busarwa sabulu ya yi tauri ya ƙara laushi a jiki, ba ta gyara awon da aka yi ba daidai ba.

Daga baya da na fara karance-karance a waya naga ashe tun 1823 wani Bafaranshe masanin sinadarai mai suna Chevreul ya fitar da bincikensa a kan yadda kitse da mai ke komawa sabulu. Abin da aka warware shekara 200 da suka wuce ni na zo ina yi masa kintace a tsakar gida, na yi dariyar takaici.

Anti ta sa na nemo takardar gwajin pH, 'yar siririya ce mai canza kala, tana nuna kaifin sabulu da lamba, in lambar ta haura kaifin ya ƙaru. Tace fatar mutum tana wajen 5 ne zuwa 5.5, sabulu mai kyau yana tsakanin 9 da 10. Na jiƙa na kwakwar na manna, ya tsaya a 10. Na jiƙa na zaitun na manna, takardar ta yi duhu ta haura can wajen 13, na zauna a ƙasa ina kallonta kawai. Tace ana iya gurza shi a narka da ƙarin mai a ceto shi, amma ni zuciyata ta riga ta fita daga kansa, na sa safar hannu na jiƙa shi a bokiti na ƙarar da shi a wankin makewayi. Nan ma na kusa sake wata ɓarnar, dan tukunyar dalma, wato ta alminiyom, na fara ɗaukowa zan jiƙa a ciki, Allah ya sa na tuna an ce kostik da alminiyom ba sa shiri, yana cin tukunyar ya baƙanta ta kuma iskar da ke fita tana kama wuta. Roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa kawai ake amfani da su.

Fuskar Auta ta yi ɓawo ta saɓe, sai ta bar baƙin tabo a kumatun dama wanda ya ɗau watanni kafin ya washe, ga shi lokacin hotunan gama makaranta. Ta daina min magana sosai, in na je gida ta gaishe ni a tsaye ta shige ɗaki. Abban su yace ko dai ki haƙura da sana'ar nan, na kwana biyu ina tunani, sannan na ɗauko sabon littafi na rubuta sunan kowane mai da lambarsa a shafin farko da jan biro, na koma wajen Anti na ƙara sati biyu ina kallon hannunta ba bakinta kawai ba. Tun daga lokacin duk haɗin da na yi sai na rubuta ranar a jikin kwalin, sai ya cika satinsa, sai takarda ta gwada shi, sannan in wanke cikin damtsena da shi kwana uku a jere kafin ya fita daga gidana.

Wata rana Auta ta zo ta same ni ina wannan gwajin a bakin famfo, na zaitun ne kuma, wannan karon da kostik giram 128, wato 135 ɗin an rage kashi 5. Ta tsaya tana kallo, na miƙa mata nace taɓa ki ji laushi. Ta ɓoye hannunta a baya tace "Yaya ni dai ko kyauta, ki fara ba Yaya babba, shi fatarsa ta fi tauri." Muka fashe da dariya mu biyu, rabon da ta yi dariya da ni tun daren asibitin.

Sati mai zuwa in sha Allahu zan ba ku labarin yadda na shiga haɗa sabulun ruwa, da ranar da na zuba bilic a kan ruwan wanke masai na rufe ƙofa, aka fito da ni ina tari kamar raina zai fita.