Na Kai Kekena Jos Neman Numfashi

Rigimar farko a tashar Jabi aka yi ta, gari bai gama wayewa ba. Na kwance tayoyin keken duka biyu, na naɗe sauran da tsohon bargo, na tsaya bayan wata Sharon mai lodin Jos. Ɗan kamasho ya sunkuce shi da hannu ɗaya, ya ji shi sakayau, ya dube ni sama da ƙasa.

"Oga, na yaronka ne?"

Na ce nawa ne. Ya ce to tunda ban yarda a ɗora masa buhu ba, kuɗin kujera biyu zan biya. Muka yi ta ja-in-ja har direba ya sa baki aka tsaya a ɗaya da rabi. Wata tsohuwa a kujerar tsakiya ta tambayi nawa na sayi keken. Rabin kuɗin na faɗa mata, duk da haka sai da ta yi salati.

Shekara uku ke nan da na jefa kaina cikin wasan da ake kira tirayatalon: ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka kama gudu, a jere ba hutu. Zangon da ake yi a gasar Olamfik, tun da aka shigar da wasan a Sidni a 2000, shi ne iyon mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai na rabin wannan, nan ne matsayina. Akwai kuma Ironman, na waɗanda nake zargin ba su da iyali: iyon kilomita 3.8, keke 180, gudu 42 da 'yan kai. Ni ma'aikacin ofis ne, a Kubwa nake zaune, 'ya'yana uku, kuma tumbi da hawan jini ne suka koro ni fili. Gudu bayan sallar asuba sau uku a mako, iyo Talata da Alhamis in an tashi aiki, a kwamin wani otal da nake biya duk wata, keke kuma Asabar kafin motoci su cika titi. Maiɗakina ta ce kishiyar da aka yi mata ba ta cin komai sai man sarƙa.

Karance-karance ne suka kai ni Jos. Na ga 'yan gudun Kenya a garin Iten suke atisaye, tudun da ya kai mita 2,400 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, jiki ya saba da aiki da ɗan abin da ya samu. Jos tana wajen mita 1,200, Abuja ba ta kai rabin haka ba. Na ce ashe ga Kenya a ƙofar gida. Goggona da ke Gangare ta daɗe tana aiko saƙon cewa na yar da zumunci, sai na fake da guzuma: na ɗauki hutun ƙarshen shekara, na ce gaisuwa zan je.

Daga Nyanya zuwa Masaka zaman jira muka yi a cikin mota. Bayan Keffi hanya ta buɗe, a Akwanga muka sayi ayaba da gyaɗa, muka karkata arewa ta Gwantu da Fadan Karshi, ina ta gyangyaɗi. Hawan Kibo ne ya wartsakar da ni. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san wurin: titi ya miƙe yana murɗewa a jikin dutse, tireloli na rarrafe suna tuttulo baƙin hayaƙi, ga gawarwakin motocin da birki ya ci amanarsu a gefe. Fasinjoji na ta addu'a, ni ina lissafin giyar da zan sa in hau shi da keke. Kafin mu kai sama na janye. Ƙafa za ta iya, amma babu inda mai keke zai raɓe in tirela ta ƙwace. Kunnuwana suka toshe, suka buɗe. Na sauke gilas, iska mai sanyi ta mare ni, tsohuwar nan ta ce in rufa mata asiri in rufe. Muka wuce duwatsun Riyom, waɗanda sai ka rantse da hannu aka ɗora su ɗaya bisa ɗaya, sai Mararraban Jama'a, sai Bukuru, sai gari.

"Sannunku da gida, Goggo. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ashe ka san hanya."

Mijinta, wanda muke ce wa Baba, ya fito yana leƙen waje. An ce masa na zo da keke, kuma a Jos in ka ce keke mai ƙafa uku ake nufi, na haya. Har ya fara tunanin yaron da zai riƙa ja mini. Da na warware bargo ya ga abin da ke ciki, sai ya ce, "Wannan ai ko buhun gawayi ba zai ɗauka ba," ya koma ciki.

Da dare na fito da guzurina: gwangwanin ots, da 'yan ƙunshin jel da ake shigowa da su daga Turai, masu kama da zuma, ana tsotsa a kan keke. Goggo ta juya ɗaya a hannu ta ce maganin me ne. Na ce abinci ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tura mini kwanon gwaten acha da ya sha yakuwa da alayyafo da gauta, ga ƙashi a tsakiya yana tururi. Na ci kwano ɗaya don kunya, na biyu don kaina.

Sanyin Jos na Disamba ba a ba da labarinsa. Ruwan buta sai da aka sirka da na zafi kafin na iya alwala. Daga masallaci na ɗaura kambas, na ɗora dogon wando a kan matsattsen na gudu, don ba zan ratsa unguwar iyayena da shigar da za a yi ta zancenta har Sallah ba, na nufi Bauchi Road. A gudun da nake hira a cikinsa a Kubwa, nan sai haki nake, agogon hannuna na nuna bugun zuciya ya ɗara yadda na saba. Na ji daɗi, na ce tudu ya fara aiki. Ina cikin wannan alfahari wasu samari huɗu suka wuce ni, sirara kamar sillen kara, takalman biyu daga cikinsu sun ga duniya, ƙafafunsu ko ƙara ba sa yi. Ba banza ba 'yan Filato suka yi suna a gudun dogon zango a ƙasar nan.

Kwana biyu bayan haka na je filin wasa na Rwang Pam, na tarar da wani dattijo da usur a wuya yana sa yara zagaye. Na gaishe shi, na zayyana masa shirina. Ya saurara har na gama.

"Kwana nawa za ka yi?"

"Bakwai, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce masu zuwa tudu don jininsu ya ƙaru sama da mita 2,000 suke nema, kuma sai su share mako uku ko huɗu. Hakin da nake yi gaskiya ne, iskar nan ba ta kai ta Abuja kauri ba, kowane numfashi abin da yake kawowa ya ragu kaɗan. Amma kwana bakwai a nan ba abin da zai sauya a jinina. "Abin da za ka samu a Jos hawa ne da sanyi," in ji shi. "Babu ranar da za ta dafa ka, sai ka yi dogon aiki. Ka yi shi, ka ci abinci, ka yi barci." Ya busa usur ya juya wajen yaransa.

Na riƙe shawarar farko, na yi watsi da ta cin abinci, kuma ranar Laraba na gane kurena. Na shirya zuwa Vom da keke in dawo. Goggo ta ce in tsaya ga ɗumamen tuwo, na ce zai yi mini nauyi. Shayi kawai na kurɓa, na cusa jel biyu a aljihu. Tafiya ta yi daɗi ƙwarai. Bayan Bukuru gari ya buɗe, gonakin kabeji da karas kore shar a bakin kududdufai, gidaje a cikin shingen ƙyarana, jajayen tsibin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari. Iska na tura ni ta baya, ni kuwa na ɗauka ƙarfina ne. Na isa ƙofar cibiyar binciken cututtukan dabbobi, wadda ke Vom tun 1924, na ga ban gaji ba, na ƙara gaba, na shiga wata hanya na fita wata, har na manta da agogo.

Da na juyo sai hunturu ya tare ni gaba da gaba. Daga arewa maso gabas yake busowa, can kuma na nufa. Jel na biyu ya daɗe da tafiya. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in aiki ya yi tsanani, shi ya sa ake cewa mai dogon zango ya riƙa cin giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari kowace awa. Na san wannan sarai, har wasu nake koya wa. Ga shi na haura awa uku a kan shayi. Da farko ƙafa ce ta yi nauyi, sai hannu ya fara rawa, sai na ji haushin kowa: masu mota, akuya, wanda ya ƙera keken. Na sauka giya mafi sauƙi a wurin da ba hawa. Daga baya na sauka daga keken gaba ɗaya na zauna a bakin kwalbati.

Wata mata mai suyar dankali da awara a tsallaken titi ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kai mai keke, zo ka zauna a benci kafin ka faɗi." Ta zuba mini dankalin Turawa mai zafi a takarda, ta barbaɗa yaji, ta aiki 'yarta ta sayo kunun zaƙi. Ban san adadin da na ci ba. Bayan minti ashirin duniya ta dawo da launinta. Ta tambaya ko biyana ake yi. Na ce a'a, ni nake kashe kuɗina. Ta dubi 'yarta, ba ta ce komai ba, ta ƙara mini awara biyu gyara.

A tsarin da na rubuta, ina sauka daga keke zan yi gudun kilomita uku, don ƙafa ta saba da wannan sauyi da ke sa mutum ya ji kamar an ɗaura masa turmi. Ranar dai tabarma na nufa. Tun daga nan aljihun rigata bai rabu da dabino da ƙuli-ƙuli ba, kuma ban sake raina ɗumame ba.

Saura iyo. Tun daga hanya idona ke kan kududdufan nan, ruwa kwance shuɗi, ba layi ba kuɗin shiga. A kwamin otal mita 25 kake yi ka taɓa bango ka juyo, alhali gasa a buɗaɗɗen ruwa ake yinta, inda ba bango ba zane a ƙasa. Na ce wa ɗan Goggo ya raka ni wani da na gani wajen Rayfield. Ashe tana ji daga madafa. Ta fito da ludayi a hannu.

"Wane ruwa za ka shiga?"

Na fara bayani, ta katse ni. Ta ce waɗannan ba tafkuna ba ne, ramukan kuza ne da ruwa ya cike. Bakinsu a tsaye yake, taku biyu ka rasa ƙasa, can ciki sanyi ne mai ɗaure jijiya, ga laɓo. Ta lissafa gidajen da ta je gaisuwar yaran da suka tafi wanka ba su dawo ba. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji ba: mahaifinta, kakana ke nan, haƙar kuza ce ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano a zamanin Turawa. Da kwano a ka yake fito da ƙasa daga irin waɗannan ramuka, a biya shi a ƙarshen mako, kuma da wannan kuɗi aka kafa gidan da nake tsaye a cikinsa.

"Shi ya shiga don a ci abinci, ya fito da ƙyar da tari a ƙirji. Kai kuma za ka shiga don wasa? Ba da yawuna ba."

Ban ce uffan ba. Ni kaina na san ruwan kwance na iya ɗauke da tsargiya, amma ba wannan ne ya hana ni ba. Washegari dai na je na tsaya a bakin ramin da kayana a jiki, na daɗe ina kallon faɗinsa, ina ƙiyasta kwano nawa ne. Daga nan na nemi wani otal mai kwami, na biya. Ni kaɗai ne a ciki, ma'aikata na leƙowa cikin rigunan sanyi. Na yi mita 600 na fito haƙora na kaɗawa.

Ranar komawa Goggo ta haɗa mini rabin buhun dankali, da mudu biyar na acha, da ɗan kwandon sitiroberi na yara. Na ce kaya sun yi yawa, ta ce in bar keken a nan in ya dame ni. A tasha aka sake sabon ciniki, wannan karon har da na buhu. Muka gangara Hawan Kibo direba na taka birki yana sakewa, a Akwanga na tuɓe rigar sanyi, kafin Keffi gumi ya dawo.

Litinin bayan asuba na bi hanyar da na saba a Kubwa, kilomita biyar. Agogo ya nuna abin da yake nunawa kafin in tafi, har da ƙarin daƙiƙa tara. Ina cire takalmi waya ta yi ƙara.

"Ɗan nan, kun isa lafiya? To, ka ci gasar?"

Na ce ai ba a yi ba tukuna, Goggo. Ta ce to a wanke achar nan da kyau kafin a dafa, akwai tsakuwa.