Rigar zuwa Jufita, tambayar da yaro ya ɗaure ni da ita

Jiya da daddare an ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida, ɗan yayata da ke aji biyar ya nuna min hoton ɗan sama jannati a wayar uwarsa, wai Kawu in na sa irin wannan farar rigar zan iya sauka a Jufita? Na ce masa eh kawai don ya ƙyale ni, amma wallahi abin ya tsaya min a rai har na kasa bacci, don amsar a'a ce.

Da farko dai babu inda za ka sauka. Jufita, wadda malamai ke kira Mushtari, dunƙulen iskar gas ce, kusan kashi 90 haidirojin sauran hiliyom, ba ƙasa ba dutse, nitsewa kawai za ka yi ta yi. Ita kuma farar rigar NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, an ɗinka ta ne don ta riƙe iska a ciki a inda babu iska sam, kamar tayar mota, ba a yi ta don ta tare matsi daga waje ba, ga shi kana nitsewa matsin iskar yana ƙaruwa.

Abin mamaki akwai wani tsayi a cikin gajimaren da matsin iskar daidai yake da na nan duniya, a wurin ba matsi ne damuwarka ba, sanyi ne, digiri 108 ƙasa da sifili, alhali mafi tsananin sanyin da aka taɓa aunawa a doron duniya 89 ne ƙasa da sifili, a Antatika a 1983. To wannan ana iya maganinsa da riga mai hita a jiki. Sai iskar shaƙa, kuma nan ne na fara dariya ni kaɗai, don tukunyar oksijin ɗin da ka goyo a baya ita ce hatsarin, kana tsakiyar haidirojin mai kamawa da wuta in ya haɗu da oksijin, ta ɗan yi yoyo a samu tartsatsi guda shikenan ka zama risho.

Amma ni abin da ya fi kashe min jiki nauyi ne. Rigar da ake fita da ita a tashar sararin samaniya ta kai kilo 145, a can ba ka jin ta saboda shawagi kake, amma Jufita tana ja kusan ninki biyu da rabi na duniya, to mutum mai kilo 70 da rigarsa in aka rataye shi a laimar sauka zai ji kamar kilo 500 da ɗoriya, buhun shinkafa goma kenan fa. Kuma duk kariyar da ka ƙara nauyi ka ƙara. Ga shi dole ka ƙara, saboda kafin ma ka iso akwai mugun tururin radiyeshan da ya kewaye ta, kumbon Juno da ya isa a 2016 sai da aka kulle na'urorinsa cikin akwatin ƙarfen taitaniyom mai kaurin santimita ɗaya, nauyinsa kusan kilo 200, na'ura fa ba mutum ba.

An taɓa jefa abu ciki ai. Ranar 7 ga Disamba 1995 kumbon Galileo yana kallo ƙaramar na'urarsa mai kilo 339 ta faɗa cikin iskar da gudun kusan kilomita 47 a daƙiƙa, kusan rabin nauyinta garkuwar zafi ce kuma fiye da rabin garkuwar ya ƙone ya bi iska, birkin da ta ci ya kai ninki 230 na nauyinta, wace riga ce za ta hana ƙashin mutum dagargajewa a nan? Minti 58 ta yi tana aiko da bayani, ta yi shiru a inda matsin ya kai ninki 22 na duniya, zafi ya haura digiri 150, daga baya can ƙasa ta narke.

Da safe na ce masa jiya na ba ka amsar banza, abin da kake nema ba riga ba ne, jirgi ne sukutum. Ya ce to Kawu ta ina za a dawo? Na ce sai an yi gudun kusan kilomita 60 a daƙiƙa kafin a kuɓuce mata, na duniya 11 ne kacal, ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta yana lissafi da yatsu.