Gumbar Iya Tasalla

Alhamis, 12 ga Oktoba, 2023

Safiyar yau ta yi mini daɗi ƙwarai. Na tashi sahur ba tare da Ummi, abokiyar ɗakina a makaranta, ta jijjige ni ba, na sha kunun gyaɗar da ya kwana, muka fita masallaci tare. Ruwa ya ɗauke, hunturu bai iso ba, sai dai iskar asuba ta fara sauyawa, raɓa ta jiƙa mana bakin hijabi kafin mu kai. Duk shekara wannan ɗan tsakanin nake jira. Sauro ne kawai bai ragu ba.

Lacca biyu, ba abin faɗa. An ba mu aikin da za mu miƙa Litinin.

Da azahar muka zauna taron ƙarshe kan ranar al'adu ta jibi Asabar. An tsayar da rumfa biyar, kowace masarauta da tata: Dutse, Haɗejiya, Gumel, Kazaure, Ringim, sai ta shida ta baƙinmu 'yan wasu jihohi. Maza sun cinye rabin lokacin a kan maganar dawaki. 'Yan Gumel da 'yan Haɗejiya sun dawo daga Sallar Gani idonsu cike da hawa, kowa so yake a ga sarkin rumfarsu da lifidi da 'yan zagi, Kanawa kuma sai labarin hawan Dala ranar Takutaha suke. Mai dawakin ya ƙara kuɗi, ya ce tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu ko dusa ba ta sayuwa. An yi ta ja har aka tsaya a kan doki uku. Ni da Hajara aka ba mu aikin samo kayan ɗaki da na girki, saboda mu ne muka san mutanen ƙauye. Na ji daɗi, domin na kwana biyu ban leƙa Iya Tasalla, tsohuwar nan ta ƙauyen bayan makaranta, ba.

Ta ƙaramar ƙofa muka fita. Kana barin katanga ka shiga gonaki. Gero ya daɗe da zuwa gida, kara ne kawai a tsaye, dawa ta yi kai tana jiran lokacinta, ana cirar gyaɗa, riɗi kuma an yanke an jingina shi tsaye ya bushe kafin a kakkaɓe. Wani yaro ya wuce mu da amalanke, shanu biyu na jan harawa. Bara warhaka ba haka wurin nan yake ba, ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Haɗejiya, mutane na kwana a makarantun firamare. Bana kowa ka gaida sai ya ce alhamdulillahi da ƙarfinsa.

Mun tarar da ita a tsakar gida tana bakace, jikokinta biyu na surfe suna lugude. Ta ɗago ta ce, "A'a, 'yan boko ne da rana tsaka? An kore ku ne?" Muka durƙusa muka gaishe ta, ta tambayi Mama, ta tambayi ƙafar Baba, ta ce a shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya. Da aka kawo ruwa na ce ina azumi, ta ce Allah ya karɓa, ita ma da tana yi, yanzu maganin hawan jini ya hana ta.

Hajara ce ta faɗi abin da ya kawo mu. Akushi muke so, da ƙoshiya, da ludayi, da faifai, da maburgi, da mazari in akwai, da masaki, da ƙwarya ko biyu. Iya ta shiga ɗaki tana fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarinsa. Akushin na marigayi mijinta ne, baƙi wuluk, gefe guda ya tsage an ɗinke. Mazarin na uwarta, ta ce rabon da a kaɗa shi tun ana noma auduga a wajen nan. Masakin kuwa da shi aka kai garar babbar 'yarta. Faifan hannunta ta ce shi kam ba za ta bayar ba sai ta gama aiki, ta aiki yarinya maƙwabta ta aro mana wani.

Sai ta ce, "To, 'yar nan, mutum nawa za ku ciyar? Kayan nan ba za su isa taro ba."

Na ce, "Iya, ba girki za mu yi da su ba. Jerawa za a yi a kan tebur, mutane su zo su gani."

"Su ga me?"

"Su ga kayan."

Ta dube ni, ta dubi Hajara, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ƙwarya ba komai a ciki za a zo kallo?" Ta juya ta gaya wa jikokin, su ma suka tsayar da taɓarya suna dariya. Mu ma muka yi. Ba izgili a dariyarta ko kaɗan, abin ne ya ba ta mamaki.

Daga nan ta ɗauki babbar ƙwaryar ta shiga madafa. Ta daɗe. Da ta fito, ƙwaryar cike take da gumba, curi-curi, ta sabon gero, ƙamshin kanumfari da citta na tashi. Ta ce da safe aka daka ta sadaka, an raba wa almajirai da maƙwabta, wannan ce ta rage. Ta ce, "Watan haihuwar Manzon Allah ne, ga shi Allah ya ba mu gero. Ƙwarya ba za ta fita gidan nan wayam ba. Ki kai wa 'yan'uwanki, ke kuma ki sha ruwa da ita. Ku sa mai akushin nan a addu'a."

Kafin mu tafi na tambaye ta ko sun fitar da zakka, saboda makon jiya aka karantar da mu babin a ta'alimi kuma yana raina: abin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa 10, na ban-ruwa da wahala ɗaya bisa 20, nisabi kuma sa'i 300. Ta ce ai tun a gona ake yi. Ana ƙirga dami, in an kai goma sai a ja ɗaya gefe, ba ya ma shiga rumbu balle rai ya biya. Haka mijinta yake yi, haka 'ya'yansa suke yi. Ta lissafa mini gidajen da aka kai wa, da makarantar allon bakin kasuwa. Ta faɗe shi kamar yadda ta faɗi labarin masaki, ta koma kan bakacenta.

Muka dawo ina ɗauke da ƙwaryar a ka, Hajara da buhun kaya, muna ta hira. Har nan komai lafiya.

A gaban ɗakin taro muka haɗu da Ciyaman, shugaban kwamitin ranar al'adu. Da ya buɗe faifan ya ga gumba sai murna ta kama shi. Ya ce kada wanda ya taɓa, a nemi firij a ajiye ta zuwa Asabar, za ta yi kyau a tsakiyar tebur, a sa mata takarda da suna da Hausa da Turanci. Har ya fara ɗaukar hoto. Na ce masa sadaka ce, an ce a ci yau. Ya ce ai in an gama taro sai a ci, duk ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne, na mayar da faifan na rufe, na ɗauki abata. Ya bi ni da "Haba Hajiya, haba Hajiya," ban tsaya ba. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, yaron nan ya fi kowa wahala a kan taron, har kuɗin aljihunsa ya sa. Amma raina ya sosu.

Na kai ta ɗaki. Ummi na kan sallaya tana muraja'a. Ta ce, "Kai, ƙamshin me nake ji?" Na ba ta labari tun daga farko, tana dariya a wurin ƙwarya ba komai a ciki. Da na zo kan maganar watan haihuwar Manzo sai fuskarta ta sauya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato gumbar Maulidi ce."

Na ce, "Gumbar sadaka ce, Ummi. Ta sabon gero."

Ta ce, "Ke kika ce ta ambaci watan. Ni dai kin san matsayina. Ki yi haƙuri, ba zan ci ba."

A hankali ta faɗa, ba faɗa ba gori, ta ma ƙara da cewa Allah ya saka wa tsohuwar da alheri a kan niyyarta. Ni ma ban ja ba. Mun yi wannan muhawarar a aji ɗaya har muka yi kwanaki ba ma magana, muka yi alkawari ba za mu sake ba. Na san Ummi. Ita ce ke tashina asuba, ita ta yi jinyata lokacin taifot, abin da ta yarda shi ne daidai take bi, ko da zai sa a ji haushinta. A gidanmu ma haka abin yake, Baba ba ya fashin wazifa, Yaya kuma ba ya zuwa Maulidi, kuma a faranti ɗaya suke cin tuwo. Saboda haka ƙin cin ba sabon abu ba ne a wurina.

Abin da ya tsaya mini shi ne, a cikin awa guda mutum biyu da nake girmamawa sun kalli ƙwaryar nan, ɗaya ya ga kayan ado, ɗaya ta ga mas'ala. Babu wanda ya tambayi wace ce Iya, ko ya ce Allah ya jiƙan mai akushi, alhali abin da ta roƙa ke nan. Kuma da na zauna na duba, haka muka tsara rayuwarmu a makarantar nan. Addini yana masallaci, yana da jadawalinsa da amirorinsa da ranakun ta'alimi. Al'ada tana ɗakin taro, tana da kwamiti da rasit, rana ɗaya a shekara. Kowane zango sai an yi zaman sulhu a kan ko za a kaɗa kalangu, ko 'yan mata za su yi gaɗa, ko a tsaya in an kira salla. Bana ma an yi, aka amince a tashi kafin la'asar, kiɗan ƙwarya kuma mata zalla. Ban raina wannan ba, gara a zauna a daidaita da a yi rigima. Sai dai a gidan da ke bayan katangarmu ban ga an raba su ba. Da bisimilla aka ɗaga taɓarya, da waƙa aka sauke ta, damin zakka ya fita tun a gona, gumba ta bi almajirai, mamaci ya samu addu'a, duk a yini guda, duk a hannun mace ɗaya da ba ta taɓa shiga aji ba. Mu da muke karanta babin muna haddace adadi, mu ne za mu jera kwanukanta a tebur.

Kuma ba a gayyace ta ba. Ba ita ba, ba kowa daga ƙauyen. Na duba takardar gayyata, akwai manyan baƙi daga Dutse, akwai masu sarauta, akwai 'yan siyasa. Mutanen da za mu yi kwalliya mu kwaikwaya jibi suna nan tafiyar ƙafa daga ɗakin taron.

Da magariba na ɗauki ƙwaryar zuwa masallaci. 'Yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, na shimfiɗa tabarmi ranakun Litinin da Alhamis don masu azumi, yawanci dabino da ruwan leda, wani lokaci ƙosai. Na ajiye a ɓangaren mata, na faɗi daga inda ta fito da abin da mai ita ta ce, ban rage komai ba, don kada wata ta ci a rashin sani. Wasu suka ci, wasu suka tsaya a dabino. Wata 'yar aji ɗaya, 'yar Birniwa, ta gutsura ta sa a baki sai idonta ya kawo ruwa, ta ce rabonta da gida tun farkon zango, kuɗin mota ya gagara. Ita ce ta ɗaga hannu ta yi wa mijin Iya addu'a, muka shafa. Ni ma da gumbar na sha ruwa. Zaƙinta daidai, ba a cika sukari ba, yajin na kama maƙogwaro kaɗan.

Curi biyu da suka rage na ba Rifkatu a hanyar dawowa, ta fito daga koyon waƙarsu ta FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista. Ta ce kakarta ma haka take yinta, kuma a cocinsu na gida in kaka ta yi da dami ake shiga ranar godiya.

Wanki bai samu ba. Aikin Litinin ko buɗe shi ban yi ba. Mama ta kira, ta ce an fara cirar gyaɗar gonar gabas.

Ummi ta dafa mana taliya da manja, ta zuba mini fiye da nata. Ba mu sake tayar da maganar ba. Ita ta wanke ƙwaryar ma, ta kife ta a kan akwatina.

Bayan isha'i na tura wa Ciyaman saƙo. Na ce ina so a aika mai adaidaita ya ɗauko Iya Tasalla da jikokinta ranar Asabar, a ba ta kujera a rumfarmu, in ta ga dama ta kaɗa mazarin da hannunta, in ba ta ga dama ba ta zauna ta yi kallo kamar kowane baƙo. Ya ce kasafi ya ƙare a kan dawaki, amma zai duba. Na ce kuɗin adaidaitar ni zan biya, kujera kawai nake nema. Ya ce to. Gobe bayan an sauko Juma'a zan koma in tambaye ta, don ban sani ba ko za ta yarda ta bar aikin gyaɗa ta zo.