Barkwancin fodkas da haƙƙin wanda ba ya wurin

Jos ta daɗe da sanin kyamara da makirufo. A nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, take da mazauninta, a nan kuma kwalejin talabijin ta NTA take a Rayfield, kuma har yau manyanmu suna tuna farkon shekarun 1980, lokacin da ake ɗaukar Cock Crow at Dawn a wannan yanki, wasan da marigayi Ƙasimu Yero ya fito a cikinsa a matsayin Uncle Gaga. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga samarin garin nan sun rungumi fodkas, suna zama su biyu ko uku a gaban kyamara, su gayyato baƙo, a yi ta hira da raha har awa guda ko fiye, sannan a ɗora a YouTube. Abin da ya sauya shi ne hanyar da magana take bi kafin ta isa kunnen jama'a. A da sai ta ratsa ta hannun marubuci da furodusa da shugaban tasha, kowannensu yana da ikon cewa wannan ba za ta fita ba. Yanzu wayoyi biyu da makirufo biyu da data sun wadatar.

Ina sauraron waɗannan shirye-shirye, kuma ina jin daɗin da yawa daga cikinsu. Garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 yana da buƙatar dariya fiye da garuruwa da yawa, kuma akwai matasan da suke da baiwar sa mutum ya dara ba tare da sun taɓa mutuncin kowa ba. Damuwata a kan tambaya ɗaya take, wadda nake ganin masu shirin ba sa yi wa kansu kafin su saki abin da suka ɗauka: wanda ake yi wa dariyar nan, yana wurin, kuma yana da bakin ramawa?

Bahaushe ba baƙon barkwanci ba ne, kuma bai bar shi kara zube ba. Akwai wasan taubasai tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, akwai na jika da kaka, inda tsohuwa za ta kira jikanta mijinta ta yi masa gorin bai kawo cefane ba, akwai kuma na ƙabilu da garuruwa, kamar Bafulatani da Babarbare, waɗanda kowannensu yake kiran ɗan'uwansa bawansa, ko Bakano da Bazazzagi, ko Bagobiri da Bayarabe. Idan mutum ya duba duk waɗannan zai ga sharaɗi ɗaya ya ratsa su. Su biyun suna tsaye ido da ido, kowa ya san yana da izinin faɗa, kowa kuma ya san za a mayar masa. Babarbaren da aka kira bawa a tsakiyar kasuwa ba ya jin an ci masa fuska, domin a take zai rama da abin da ya fi zafi, jama'a su yi dariya, su biyun su yi musabaha. Da wani na daban, wanda babu wannan wasa tsakaninsu, zai furta masa kalmar nan, to da ta zama zagi, mai yiwuwa har ta kai ga hukuma. Wawan sarki ma a gaban sarki yake faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba. 'Yan kama, waɗanda suke kwaikwayon wa'azin malamai da waƙoƙin makaɗa su mayar da su zancen tuwo da nama, a bainar jama'a suke yi, a garin da malaman suke, kuma kowa ya san iyakar da ba za su tsallaka ba.

Ko a zamanin rediyo da talabijin an riƙe wani abu na wannan ladabi. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shafe shekaru yana ba mutane dariya da Hausar bariki a matsayin Samanja, yana kwaikwayon tsawar soja da gaurayen Hausa da Turanci, alhali mulkin ƙasar yana hannun sojoji. Amma shi kansa tsohon soja ne. Gidansu yake zolaya, kuma waɗanda yake zolayar suna daga cikin masu sha'awar shirin.

Fodkas ya ɗauko kamannin majalisa, kuma wannan ne sirrin farin jininsa. Mai sauraro yana jin kamar yana zaune a benci wajen mai shayi da daddare, cikin sanyin Jos, abokai suna ta caccakar juna. Sai dai majalisa tana da katanga ko da ba a ganinta. Mutum goma ne, sun san juna, sun san wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya da wanda aurensa ya mutu kwanan nan, kuma idan wani ya zarce akwai babba da zai ce masa ya isa haka. Da an tashi maganar ta tashi. A fodkas kuwa masu shirin suna magana da sakin jikin 'yan majalisa, amma dubban mutanen da ba su san su ba ne suke ji, kuma maganar tana nan a ajiye bayan shekara biyar.

A Jos wannan yana da wani nauyi na musamman wanda ɗan Kano ko ɗan Katsina ba lallai ya ji shi ba. A nan Hausa ba harshen sirri ba ce. Birom da Afizere da Anaguta da Angas da sauran al'ummomin Filato suna jin ta, da ita ake ciniki a Taminus da Farin Gada da Katako, da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u da yawa. Idan wani ya zauna a situdiyo a Unguwar Rogo ya kwaikwayi yadda wata ƙabila take furta Hausa, ya haɗa da shaguɓe a kan abincinsu ko ibadarsu, kafin gari ya waye maganar ta isa Tudun Wada da Kabong a WhatsApp, kuma babu buƙatar tafinta. Haka ma idan daga can ɓangaren aka kwaikwayi mai rawani ko mai hijabi. Waɗanda aka taɓa ba sa cikin ɗakin, babu wasa tsakaninsu da mai maganar, hanyar ramawa ɗaya da ta rage musu ita ce su ma su yi nasu bidiyon. Mun san inda irin wannan musayar take kaiwa a garin da unguwanninsa suka riga suka rabu.

Na taɓa zama a wajen ɗaukar irin wannan shiri, domin wani ƙanena yana aikin edita a ɗaya daga cikin ƙananan situdiyoyin garin nan. Shago ne guda, an manna soso a bango don kada murya ta yi amo, ga fitilar zobe, ga kujeru uku. Baƙuwar ranar wata matashiya ce mai sayar da kayan ƙamshi, an gayyato ta ne a kan sana'arta. Kusan rabin awa hirar tana tafiya lafiya, tana bayanin yadda take haɗa humra da turaren wuta da yadda tsadar kwalabe ta rage mata riba. Can sai ɗaya daga cikin masu gabatarwa ya gano bazawara ce, ya fara tambayar ta abin da ya kashe auren, abokinsa kuma ya shiga kwaikwayon muryar tsohon mijin, wanda bai taɓa gani ba. Ɗakin ya kaure da dariya. Ita ma ta yi dariya, amma ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, tana murza zoben hannunta, tana duban ƙofa. Washegari na tarar da ƙanen nawa ya yanke daƙiƙa 40 daidai wurin nan, ya sa masa rubutu da manyan baƙaƙe, zai ɗora a TikTok. Na ce masa, "Kai kuwa, ina bayanin turaren?" Ya ce, "Yaya, wallahi in na sa turare ba wanda zai danna. Wannan ne zai tafi."

Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin gaskiyar tasa matsalar take. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tashar dogayen bidiyoyi, yawanci sai tashar ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Doguwar hira ba ta jawo baƙin ido da kanta, gajeren yanki ne yake yawo ya kira mutane, kuma yankin da ya fi yawo shi ne wanda wani ya ji kunya a cikinsa. Don haka uzurin da aka saba bayarwa, cewa suɓutar baki ce a cikin raha, bai gamsar da ni ba. Yawancin shirye-shiryen nan ba kai tsaye ake watsa su ba. Tsakanin furta magana da sakinta akwai kwana ɗaya ko biyu, akwai mutumin da ya zauna a gaban kwamfuta ya saurare ta sau da yawa, ya zaɓe ta daga cikin awa guda, ya ƙara mata sautin dariya. A wannan hirar mutum biyu ne aka ci da haƙƙinsu: matar da kunya ta hana ta tashi, da tsohon mijin da aka yi masa murya da hali a bayan idonsa, ga kuma 'ya'yansu da wata rana za su riƙe waya.

Ba mu kaɗai muke fama da wannan ba. A Amurka, a watan Fabrairun 2022, an cire shirye-shirye kimanin guda 70 na fodkas ɗin Joe Rogan daga manhajar Spotify bayan an tattara wuraren da ya furta kalmar cin zarafin baƙar fata a shekarun baya, har ya fito ya nemi gafara. A Indiya kuma, a Fabrairun 2025, wata tambayar batsa a kan iyaye da wani mai fodkas, Ranveer Allahbadia, ya yi a wani shirin barkwanci na YouTube ta kai shi har gaban Kotun Ƙolin ƙasar, mai shirin kuma ya sauke duk abin da ya ɗora. Dukansu a cikin raha da abokai suka yi maganar.

Addininmu bai haramta raha ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana wasa da sahabbansa, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma akwai hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Aya ta 11 da ta 12 na Suratul Hujurat sun hana izgili da jifa da munanan laƙabi da giba, kuma giba ita ce ambaton mutum da abin da yake ƙi a bayan idonsa. Maƙwabtanmu Kirista ma suna da irin wannan hani a kan zancen banza da alfasha a wasiƙar Afisawa. Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda muka taƙaita tarbiyyar nishaɗi a kan sutura da rawa. Idan mace ta fito babu mayafi za a yi ca a kanta, amma a shafe awa guda ana kwaikwayon mai in'ina, ko ana mayar da wada abin wasa, ko ana tona asirin auren wani, ba za ka ji wanda ya ce uffan ba, tunda kowa a cikin shirin ya sa hula.

Wani zai ce to a sa hukuma ta shigo. A nan nake ja da baya, domin na ga waɗanda hukuma ta saba karewa. A 2008 an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu a Kano bayan hukumar tace fina-finai ta jihar ta gurfanar da shi. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu sukar manya. Gwamna yana da lauyoyi da kakaki da gidan rediyo, yana da bakin ramawa fiye da kowa, kuma zolayar mai mulki tsohuwar al'ada ce da fada da kanta ta ba wa gurbi. Mai sayar da turare ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan aka ƙara wa hukuma bulala, ina tsoron barkwancin da ya kamata ya rayu shi za a kashe, wanda ya kamata a daina kuma ya ci gaba, tunda zolayar marar galihu ba ta kai kowa kotu.

Gyaran yana hannun masu sana'ar da mu masu kallo, kuma ba shi da tsada. Mai shiri zai iya gaya wa baƙo tun kafin a kunna kyamara abubuwan da za a taɓo, ya tambaye shi abin da ba ya so a shiga. Edita zai iya tura wa baƙo gajeren yankin kafin a sake shi, idan ya ce a'a a bar shi, ko da shi ne zai fi tafiya. Wanda ba ya wurin kuma, in dai ba mai riƙe da muƙamin jama'a ba ne da ake magana a kan aikinsa, a bar sunansa da muryarsa da aurensa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: yankin nan ba ya yawo da ƙafarsa, mu ne muke tura shi zauren dangi da na tsofaffin ɗalibai, kuma kowace turawa tana gaya wa edita cewa gobe ma irin wannan zai yanka. Masu shagunan atamfa da gidajen abinci da masu sayar da filaye da suke biyan talla a waɗannan shirye-shirye su ma suna da ta cewa, domin sunan kasuwancinsu ne yake rubuce a ƙasan allo lokacin da ake dariyar, kuma a ƙananan tashoshin garin nan kuɗinsu ne yake biyan hayar situdiyo da man janareta tun kafin YouTube ya turo ko sisi.